Yadda za ka karanta labarin "garin mata zalla" har ka gane abin da ke ƙarƙashinsa

A 2014 wani labari ya zagaye duniya, wai akwai wani ƙauye a Birazil mai suna Noiva do Cordeiro, mata ne zalla kyawawa kuma suna roƙon maza su zo su aure su. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta yawo da hotunan a Facebook, daga baya matan garin suka fito da kansu suka ce sam ba haka ba ne, akwai maza a garin, yawancinsu birni suke tafiya aiki sai ƙarshen mako su dawo. A farkon 2016 kuma aka sake kawo wani mai kama da shi, wai gwamnatin Eritiriya ta wajabta wa kowane namiji auren mata biyu saboda maza sun yi ƙaranci, wannan kam har a Najeriya samari sun yi ta tura wa juna, shi ma gwamnatin ƙasar ta ƙaryata.

Abin da nake so ka lura da shi, irin wannan labarin ya girmi intanet da shekara sama da dubu biyu. Girkawa suna da shi, Sinawa suna da shi, Larabawa, Japanawa, mutanen Ayilan, kowa da nasa garin ko tsibirin da babu namiji ko ɗaya. To idan kai ɗalibi ne da aka ba ka aikin bincike a kan tatsuniyoyi, ko ke marubuciya ce mai son gina labarinki a kan irin wannan gari, ko kawai mai son fahimta ne, ga yadda ni nake ganin ya kamata a tunkari abin. Tambayoyi ne za ka riƙa yi wa labarin, kuma kusan duk amsoshin za su kai ka ga mai ba da labarin ne, tsoronsa da kwaɗayinsa, matan da ke ciki kuwa sau da yawa ba a ma ba su bakin magana ba.

Fara da neman wanda ya faɗa, da kuma bakin wanda shi ya ji. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa. Ɗauki Kolombus, matuƙin jirgin ruwan da ya isa nahiyar Amurka daga Sifen, a watan Janairun 1493 ya rubuta cewa akwai wani tsibiri Matinino da mata kaɗai ke zaune, amma bai taka ƙafarsa can ba, mutanen yankin ne suka gaya masa, mutanen da ba ya jin yarensu sai da nuni da hannu. Ibrahim bn Yaƙub, matafiyin nan na Andalus a ƙarni na 10, ya kawo labarin Birnin Mata da ke yamma da ƙasar Rus, ya ce sarki Otto na Jamus ne ya gaya masa. Marko Polo ya ba da labarin tsibirai biyu a tekun Indiya, ɗaya na maza ɗaya na mata, maza suna haurawa wajen matan a watannin Maris da Afrilu da Mayu sannan su koma. Idan ka jera su haka za ka ga kusan duk maza ne, matafiya da mayaƙa da matuƙan jirgin ruwa waɗanda suka yi watanni ba su ga iyalinsu ba, kuma kowa "an ce" yake kawowa. Saboda haka ka buɗe shafi a littafinka, ka rubuta sunan mai labarin, sana'arsa, shekarar, da wanda yake so ya burge da labarin. Kolombus dai sarakunan Sifen yake rubuta wa, yana neman su ƙara masa kuɗin tafiya ta biyu, ka ga dole ƙasar da ya gano ta zama cike da abin mamaki.

Daga nan sai ka ɗauko taswira. Garin mata kullum yana bakin iyakar duniyar da mai labarin ya sani, bayan teku, bayan dutse, inda ba a cika zuwa a dawo ba. Girkawa sun fara ajiye matan da suke kira Amazon a bakin kogin Thermodon, wato yankin Terme na arewacin Turkiyya a yau, da jiragensu suka saba da gaɓar Baƙin Teku ba su ga kowa ba sai garin ya matsa gaba zuwa tsaunukan Kokasas, wasu ma suka kai shi Libiya. Da Turawa suka haye zuwa nahiyar Amurka sai suka tafi da shi a kansu. A 1542 Francisco de Orellana ya gangara wani ƙaton kogi, limamin cocin da ke tare da shi, Gaspar de Carvajal, ya rubuta cewa sun gwabza da mata dogaye masu baka da kibiya, daga nan kogin Amazon ya samo sunansa. Ita ma Kalifoniya daga wani littafin almara na Sifen na wajen 1510 sunan ya fito, tsibirin baƙaƙen mata mai cike da zinariya ƙarƙashin sarauniya Calafia. Duk inda ilimin mai labari ya ƙare, nan yake dasa garin, don wurin da ba ka sani ba shi ne ya fi sauƙin zuba wa abin da ke cikin zuciyarka.

Tambaya ta gaba ita ce wadda na fi so a daɗe a kanta: yaya suke samun 'ya'ya? Duk mai ba da irin wannan labari dole ya amsa ta, kuma a wajen amsawar ne asirinsa yake fitowa. Strabo, masanin ƙasa na Girka, ya ce matan Amazon suna hawa dutse wata biyu a shekara su haɗu da mazan wata ƙabila maƙwabciya, Gargareya, cikin duhu ba wanda ya san wa ya samu, in an haifi mace su riƙe, in namiji ne su miƙa wa mazan. A labarin Ibrahim bn Yaƙub bayinsu ne ke yi musu ciki kuma 'ya'ya maza kashe su ake yi. A Japan akwai tsibirin Nyogo inda aka ce matan iskar kudu suke tsayawa ta buge su sai su ɗauki ciki. A Sin kuma, cikin shahararren labarin tafiyar malamin addinin Buda zuwa yamma wanda aka buga a 1592, ƙasar mata tana da kogin da mace ke sha ta samu ciki, malamin da almajirinsa mai kan alade suka iso da ƙishi suka sha ba su sani ba, can sai ciki ya fara murɗa musu yana kumbura, tsohuwar da suka tarar ta gaya musu ai haihuwa za su yi, hankalinsu ya tashi suna tambayar ta ina ɗan zai fito, sai da aka je aka yi faɗa aka ɗebo ruwan wata rijiya da ke zubar da cikin.

Ka tsaya ka kalli wannan jerin da kyau. Iska, ruwa, baƙon da ba a ga fuskarsa ba, bawa. Duk hanyoyi ne na cire uba daga lissafi. Namiji ya san cewa mace ta tabbata ɗan da ta haifa nata ne, shi kuwa yarda ce kawai yake yi, kuma a al'ummar da gado da suna da sarauta duk ta wajen uba suke bi, wannan ba ƙaramar damuwa ba ce. Labarin yana ɗauko tambayar da namiji ba ya iya yi a fili, wato in ba don haihuwa ba ana bukatata kuwa, ya mai da ita tatsuniya a wani tsibiri mai nisa inda zai iya kallonta ba tare da ta ƙona shi ba. Karen Horney, likitar ƙwaƙwalwa 'yar Jamus, ta yi rubutu a 1926 tana mayar wa Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, martani, shi ya ce mata ne ke jin sun rasa wani abu da maza ke da shi, ita kuma ta ce a cikin mazan da take dubawa ta ga kishin ciki da haihuwa da shayarwa, a 1932 ta ƙara da wani rubutun a kan tsoron mace da ke ɓoye a zuciyar namiji. Ba sai ka yarda da duk abin da ta faɗa ba, amma in ka karanta wurin da maza biyu ke riƙe da ciki suna kuka a ƙasar mata, wallahi da wuya ka ce ba ta taɓo wani abu ba.

Sai kuma ka bi namijin da ya shiga garin, ka ga me ya same shi. A nan za ka ga kwaɗayi da tsoro a haɗe, ba sa rabuwa. A wani littafin Larabci na ƙarni na 10 da ya tara labaran matuƙan jiragen tekun Indiya, guguwa ta jefa wani jirgi tsibirin mata, matan suka yi wa mazan rubdugu, kowane namiji mata masu ɗimbin yawa a kansa, har suka mutu ɗaya bayan ɗaya saboda gajiya, wanda ya tsira wani dattijo ne ɗan Andalus da mace ɗaya ta ɓoye, ta nuna masa zinariya, suka gudu tare. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna Hasan na Basra da ya bi matarsa har tsibiran Waƙ-waƙ inda rundunar 'yan mata ce ke tsaro, da ƙyar ya fito da rai. A Ayilan, Bran da mutanensa sun isa Ƙasar Mata, sarauniyar ta jefo masa ƙwallon zare ya manne a tafinsa ta jawo jirgin, abinci ba ya ƙarewa a akushi, kowa da shimfiɗarsa, suna ganin shekara ɗaya suka yi ashe shekaru masu yawa ne suka wuce, da suka koma gida wanda ya fara dira ƙasa nan take ya zama toka. A Indiya ma akwai babban malamin yoga Matsyendranath da ya shiga masarautar mata ya manta da ibadarsa sai da almajirinsa Gorakhnath ya bi shi ya farkar da shi.

Salon ɗaya ne, ka samu duk abin da kake so, sai ya cinye ka, ƙarfinka ko lokacinka ko addininka. Almajiran Carl Jung, wani masanin halayyar ɗan Adam, za su ce maka wannan tsibiri ɓangaren mace ne da ke cikin ran kowane namiji wanda ya danne, shi ya sa yake fitowa a mafarki da almara yana jan sa yana kuma ba shi tsoro. Wasu za su ce komawa ce ƙuruciya, lokacin da duniyar yaro gaba ɗaya mata ce, uwa da goggo da yaya, ana ba shi ci ba ya nema, kuma dole wata rana a fitar da shi zuwa cikin maza. Wannan fassarar ta biyu ta fi kwanta mini, don duk wanda ya tashi a cikin gida irin namu ya san akwai shekarun da yaro ke shiga ko'ina, sannan a wayi gari a ce ya girma, zaure ne wurinsa. Amma shawarata kar ka ɗauki fassara ɗaya ka bi kowane labari da ita kamar maganin a-sha-a-shafa na bakin kasuwa. Jung da Freud Turawan ƙarni na 20 ne, ba su san Japan ta da ba, ba su san Basra ba. Ka fara da abin da mutanen da suka yi labarin suke tsoro a zamaninsu, malamin Buda tsoron karya alƙawarin rashin aure yake yi, shi ya sa jarrabawarsa ta zama sarauniya kyakkyawa mai ba shi aure da gadon mulki, matuƙin jirgi kuma tsoronsa kar ya mutu a nesa ba a san kabarinsa ba.

Yanzu duba ƙarshen labarin, ka tambayi kanka wa ya ci riba. A wajen Girkawa kusan duk wani babban jarumi sai an haɗa shi da Amazon ya yi galaba, Herakles ya ƙwace ɗamarar sarauniya Hippolyta, Theseus ya sace Antiope, Akilis ya kashe Penthesilea a yaƙin Troy. Mutanen Atina har sassaƙa wannan yaƙi suka yi a jikin babban ɗakin bautarsu na Parthenon, a birnin da mace ba ta da ƙuri'a kuma ba ta tsayawa kotu da kanta. Ana ƙirƙiro mace mai ƙarfi ne don a kayar da ita a gaban jama'a, kowa ya koma gida ya san matsayinsa.

Akwai wani reshe na labaran da ya fi fito da wannan ƙarara, masu cewa da can mata ne ke mulki. Mutanen Selk'nam na can ƙarshen kudancin Amurka suna cewa a farkon zamani mata ne ke da bukkar asiri, suna shafa fenti suna sa abin rufe fuska su fito a matsayin aljanu suna tsorata maza, maza na farauta suna kawo nama suna raino, har ranar da Rana, wanda namiji ne a labarin, ya ji 'yan mata suna dariyar yadda suke yaudarar mazan. Sai mazan suka afka wa bukkar suka kashe duk macen da ta san sirrin, suka bar ƙananan yara kawai, matarsa Wata ta gudu sama da tabon wuta a fuska. Daga ranar maza suka karɓe bukkar da abin rufe fuskar, suna yi wa mata abin da aka ce mata sun yi musu, kuma wannan labari samari ake gaya wa a asirce lokacin shigar da su cikin manya. Kikuyu na Kenya suna da nasu, Jomo Kenyatta ya rubuta shi a 1938, wai mata sun yi mulki da zalunci, maza suka haɗa baki suka yi musu ciki a lokaci guda, da cikin ya yi nauyi suka ƙwace mulkin. Wani masani ɗan Suwizalan, Bachofen, ya tattara irin waɗannan a 1861 ya ce hujja ce cewa mata sun taɓa mulkin duniya. A 1974 Joan Bamberger ta dubi na ƙabilun kudancin Amurka ta ce a'a, ku duba aikin da labarin yake yi, kullum cewa yake mata sun samu dama sun ɓata, saboda haka kar a sake ba su. Ni ina tare da ita a nan, kuma in kana rubuta bincike wannan muhawarar kaɗai ta isa babi guda.

Za ka iya gwada tambayar a gida, amma da ladabi da taka-tsantsan. Tarihin baka na Daura ya ce sarauniyoyi ne suka yi ta mulki har zuwa Daurama, sannan Bayajidda ya zo ya kashe macijin rijiyar Kusugu, aka yi aure, daga nan sarauta ta koma hannun maza. Daura ba garin mata zalla ba ce a labarin, akwai maza, kuma ba a ce sarauniyoyin sun yi zalunci ba, wannan bambanci ne babba da na Kikuyu kuma ya kamata ka rubuta shi. Abin da ya haɗa su kawai shi ne labarin yana bayanin yadda aka tashi daga wancan tsari aka dawo wannan.

Wani wurin da ake yawan yin tuntuɓe shi ne cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba, garin da babu maza, matan da ke yaƙi, da al'ummar da ke bin dangin uwa. Na biyu da na uku gaskiya ne. A kaburburan makiyayan zamanin da na Sikitiya da Sarmatiya a kudancin Rasha da Yukren an tono mata da aka binne da kibau da masu da wuƙaƙe, wasu da raunin yaƙi a ƙashinsu, a 2019 ma an samu mata huɗu a kabari ɗaya a yankin Voronezh da kayan faɗa. Amma waɗannan da mazajensu suke zaune, a kan doki mace mai baka daidai take da kowa, Bagirken da matarsa ba ta fita ne ya gani ya kasa fahimta sai ya ƙara gishiri. Herodotus ma, masanin tarihi na Girka, da ya ba da labarin matan Amazon ya fi sauran adalci, ya ce samarin Sikitiya sun kafa sansani kusa da nasu har aka saba, mazan suka kasa koyon yaren matan, matan ne suka koyi nasu, da aka zo maganar tarewa matan suka ce ba za mu iya zama da matan garinku ba, mu harbi da hawan doki muka sani, ku karɓo rabonku na gado mu tafi wani wuri, kuma haka aka yi. Kusa da mu akwai Agojie na Dahomey a Jamhuriyar Benin ta yau, dubban mata sojoji da suka kai wa Abeokuta hari a 1851 suka kuma yaƙi Faransa a 1890 da 1892, amma sarki namiji suke yi wa aiki, a matsayin matansa ma ake lissafa su. Mosuo na bakin tafkin Lugu a Sin kuwa, da ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido da sunan masarautar mata, maza na nan cike, gida da gado ne ke bin uwa, kawu kuma shi ke tsaye a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa.

Kar ka rufe bincikenka ba ka nemo inda mata suka ba da labarin da bakinsu ba, don a nan ne za ka ga abin ya juye gaba ɗaya. A 1905 Rokeya Sakhawat Hossain, Musulma 'yar Bengal wadda ta tashi cikin kulle mai tsanani kuma daga baya ta buɗe makarantar 'yan mata, ta rubuta gajeren labari na wata ƙasa da mata ke tafiyar da komai, maza ne a cikin gida. Ka duba abin da ta cika ƙasar da shi, jami'o'i, girki da zafin rana ba hayaƙi, na'urar tatso ruwa daga gajimare, lambuna, titin da mace ke tafiya ba mai kallonta. Babu jarumin da ya zo, babu zinariya, babu wanda aka kashe don an haife shi namiji. Mazan da suka yi irin labarin tambayarsu ita ce me zai same ni in na shiga, ita kuwa tambayarta me zan iya yi in an bar ni.

Kuma inda aka samu garin mata na gaske, dalilin kafa shi ya fi kusa da nata. Umoja a yankin Samburu na Kenya, Rebecca Lolosoli da wasu mata ne suka kafa shi a 1990, mata da suka gudo daga fyaɗe da duka da auren dole, suna sana'ar duwatsun ado, suna karɓar baƙi masu ziyara, sun gina makarantar firamare da har yaran ƙauyukan kewaye ke zuwa, 'ya'yansu maza kuma a hannunsu suke tashi. In ke marubuciya ce kina son gina irin wannan gari a littafinki, daga nan za ki fara, ki zauna ki amsa wa kanki me ya koro su, wa ke haƙa rijiya, wa ke yanke hukunci in biyu sun saɓa, me suke sayarwa su sayi hatsi, wa ke yi musu sallar gawa, sannan ranar da ɗan da ɗaya daga cikinsu ta haifa ya kai shekara goma sha biyar, me za a yi da shi kuma wa zai gaya wa uwarsa.